Ƙwayoyin da Ke Tafkina Ba na Cuta Ba Ne

Zuwa ga Mai Girma Darakta, ofishin da ke lura da tsabtar ruwan yankinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, sunana Malam Isiyaku, tsohon malamin kimiyya a sakandare. Da na yi ritaya sai na kama lambu a bakin rafi a Orozo. Na rubuto a fili ne domin na gaji da hawa benen ofishinka, kullum amsar ɗaya ce: oga yana mitin.

Can sama da mu akwai wata masana'anta mai shafa wa ƙarfe ruwan ƙyalli, irin hannun ƙofa da ƙafafun kujerun da sababbin gidajen Abuja ke saye kamar ba gobe. Ruwan wankinsu, mai launin ɗorawa, rafinmu yake gangarowa. Gubar da ke ciki sunanta kuromiyam. Alayyafona ya ƙone a tsaye. Mama Talatu, maƙwabciyar lambuna, hannayenta duk sun yi gyambo saboda ban ruwa.

'Yar ƙanena, Dakta Hadiza, ƙananan halittu ta karanta. Ta ɗebi lakar kwatar masana'antar ta kai ɗakin gwaji, ta tarar da wasu baktiriya suna zaune lafiya lau cikin gubar. Ba zama kawai suke ba, suna juya ta zuwa wani nau'i mai sauƙin illa, wanda ke kwantawa ƙasa a kwashe. Muka haƙa tafki biyu a gonata, muka shimfiɗa leda mai kauri, muka karkato ruwan kwatar, muka zuba lakar nan mai baktiriya, muna ciyar da su da ruwan rake. Da idona na ga ɗorawar nan tana washewa, laka koriya na taruwa a ƙasa.

Mun nemi izinin wannan aiki a ofishinka, takardar da Turanci. Ranar taro a ƙofar gidan mai unguwa, jami'inka ya tashi zai fassara wa jama'a, ya ce wai Malam Isiyaku na son zuba ƙwayoyin cuta a ruwa. Wuri ya kaure. Mama Talatu, wadda Hausa ba yarenta ba ce, ta miƙe ta ce, "Haba Malam! Ruwa ya kashe gona, kai kuma za ka sa cuta ciki? Mu ba ya so!" Kashegari aka garƙame shingen tafkunan da kwaɗo. Wallahi abin ya ƙona mini rai.

Ranka ya daɗe, ga abin da nake so ka duba.

Na ɗaya, laifin na kalma ne, kuma ban wanke kaina ba. Shekara da shekaru ina rubuta "ƙwayoyin cuta" a allo duk inda littafi ya ce baktiriya, wataƙila ma jami'in naka irin darasin ya sha. Amma wa ke sa madara ta zama nono? Wa ke nunar da kalwa ta zama daddawa? Su ne dai. In duk cuta ne, to miyar gidanka ma sai a sa mata kwaɗo. Wannan bayanin na yi wa Mama Talatu a gaban tukunyarta, ta yi dariya har da riƙe ciki. Yanzu ita ke tambayata yaushe za a buɗe.

Na biyu, ba daga waje muka kawo su ba. A lakar kwatar suke tun farko.

Na uku, mai zubar da gubar har yau injinsa na aiki, ba wanda ya ce masa uffan. Mai tace ta aka rufe.

Na huɗu, kuma shi ne ya fi damuna: tafkunan cike suke, ba a ciyar da ƙwayoyin, ba a kwashe laka, ga damina ta ƙarato. Ruwan sama na farko mai ƙarfi zai tumbatsa su, duk abin da muka tare ya afka rafi lokaci guda. Daga rafin nan matan unguwarmu ke ɗiban ruwan wanki, a nan dabbobi ke sha.

Saboda haka ina roƙon a cire kwaɗon kafin ruwa ya sauka, a goge kalmar nan ta "cuta" daga fayil ɗinmu, a kuma leƙa masana'antar. Ka turo mutanenka da kwalabensu, su ɗebi ruwan da ke shiga da wanda ke fita, su gwada a inda suka ga dama, ba sai da Hadiza ba. Idan ba su ga bambanci ba, ni da shebur ɗina zan cike tafkunan a gabansu. Idan kuwa aka bari suka tumbatsa, a sani makullin ba a hannuna yake ba.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya sa ka gama aiki lafiya, Ya ba ka ikon sauke wannan nauyi a kan lokaci.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Isiyaku, Orozo.