Ba Mai Tashi Sai Hanan Ta Gama

Damazin, 4 ga Maris, 2012

Zuwa ga Yayata Barakatu, a Wad Haddad.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mai gidanki Malam Hamid da yara duka. Mu nan alhamdu lillahi, kasuwa ta buɗe, mutanen da suka gudu daga faɗan bara suna ta dawowa, na kuma kwashe dawata kaf.

Na rubuto ne don a waya kin iya katse mutum. Sambo direbana zai sauke miki buhu biyu na dawa, jarkar man riɗi, zuma, da rago ɗaya. Shi ne ya dawo wancan makon yake ce mini wai ɗiyata Hanan ta rame har bai gane ta ba. Na ce ya kama bakinsa, amma maganar ta tsaya mini a rai. Yaya, na kai miki yarinyar nan bayan rasuwar uwarta Zainabu don ta samu mace kusa da ita, ba don ta koyi azumi ba. Ko har yanzu miyarki ba gishiri, kamar lokacin da muke yara?

A yanka ragon nan. Ki yi mata yadda nake yi a gidana: a ajiye siniya, babban farantin abinci, a zauna, ba mai tashi sai an ga ƙasanta. Mutumin da ke ciyar da lebura tamanin kowace kaka, ɗiyarsa ba za ta yi yawo da ƙashin wuya a waje ba.

Ki gaishe ta. Wassalam.
Ƙanenki, Abdussalami

*

Wad Haddad, 19 ga Maris

Ƙanena Abdu,

Wa alaikumus salam. Kowa yana gaishe ka. Kaya sun iso, Allah ya ƙara buɗi. Ragon yana ɗaure yana cin dawarka, shi kaɗai ne ya yi ƙiba.

Sambo bai yi ƙarya ba, ni ce ban gani da wuri ba. Mu bakwai muke sa hannu a siniya ɗaya, wa ke ƙirga lomar wani? Hannunta yana zuwa yana dawowa kamar na kowa. Ashe sai ta yago kisra, gurasar dawar nan, ta tsoma a miya, ta tura gaban wadda ke kusa da ita, ko ta dunƙule a gefen mayafi ta kai wa kaji. Wata huɗu tana haka. Shekara ashirin ina aikin ungozoma, ina duba matan wasu, ta gidana ta wuce ni.

Makon jiya ta faɗi a makaranta ana tsaye a layi. Na kai ta asibiti a Madani. Sun duba jini, sun duba ciki, ba zazzaɓi ba tsutsa. Sai suka tura mu wurin wata Daktora Widad. Ita ba ta allura. Aikinta zama da mutanen da wani abu ya girgiza, ta saurare su har su iya faɗin abin. Duk Talata muke zuwa.

Umarninka na gwada sau ɗaya. Da na ce ba mai tashi sai ta gama, sai ta toshe kunnuwa da hannu biyu, ta yi amai a kan tabarma. Ban sake ba, ba kuma zan sake ba. Daktora ta ce kada a tilasta mata, ta kuma ce tana son ganin uban yarinya.

Allah ya bar zumunci.
Yayarka, Barakatu

*

Damazin, 2 ga Afrilu

Yaya Barakatu,

Bayan sallama. Na karanta takardarki sau biyu, na biyun a tsaye.

Da izinin wa kika kai ɗiyata wurin likitar masu taɓin hankali? Ki kira aikin nata da duk sunan da kika ga dama, mutanen Wad Haddad sun san ɗakin da ake shiga a asibitin nan. Gobe idan wani ya zo neman aurenta, ko ta ce za ta jami'a, abin da za a fara tunawa ke nan. Hanan ba ta da komai sai kewar uwa da taurin kai, taurin kan kuma na san inda ta gado shi.

Wai Daktorar tana son ganina. In je in zauna gaban yarinyar da na girme ta, ta tambaye ni da Larabci yadda nake ji a zuciyata? Ina da tarakta uku da ke jiran gyara kafin ruwa ya sauka.

Yaya, ke ce fa kika goya ni a gonar auduga. Kin manta shekarar da Baba ya rasu, muna tsinkar auduga a gonar wasu, Inna tana jiƙa dusa ta ce mana fura ce? Kin manta ƙanenmu Sodangi, yadda ya kwanta bai tashi ba, cikinsa kamar tulu? Ni ban manta ba. Na bar makaranta a aji biyu na sakandare, na yi yaron mota, na yi direba, na sayi lori na kaina, babu wanda ya ɗora ni. Abu ɗaya na yi wa kaina alkawari: a gidana ba za a kwana da yunwa ba, ba kuma za a wulaƙanta abinci ba. Yau a ce ɗiyata ce ke kai wa kaji rabonta.

Na karɓo rubutun sha wurin malaminmu, Sambo zai kawo. Bayan shuka zan zo in ɗauke ta. Ki daina kai ta Madani.

Wassalam.
Abdussalami

*

Wad Haddad, 9 ga Mayu

Abdu,

Sallama da gaisuwa. Rubutun ta sha, Allah ya sa albarka. Madani kuwa ban daina ba. Malam Hamid ya ce in gaya maka shi ya ba da izini, in kana da faɗa ka zo ka same shi.

Zuwa takwas ba ta ce wa Daktora komai ba sai "lafiya lau". Jiya, na tara, ta yi magana. An kira ni ciki, ta ce ta yarda in ji, ta yarda in rubuta maka, don ita ba za ta iya duban idonka ba. Da Larabci ta faɗa, ta ce da Hausa maganar ba ta fita.

Ka gaya mana cewa ranar da faɗa ya ɓarke a Damazin, Zainabu tana haɗa kaya ne abin ya same ta. Hanan ta ce ba haka ba ne. Ta ce kaya suna cikin lori tun tuni, ana cin abincin safe a tsakar gida, kowa ya gama sai ita, don ka san ta da jan abinci tun tana ƙarama. Uwarta ta tsaya tana yago mata kisra don ta yi sauri. Nan abin ya same ta, lomar tana hannunta.

Abdu, yarinyar nan wata takwas tana ɗauke da cewa ita ta kashe uwarta. Ta ce da ta haɗiye da sauri da suna kan hanyar Sinja. Duk lomar da ta kai baki, ƙarar take ji.

Na tambaye ta me ya hana su tashi su bar abincin. Ta ce, "Gwaggo, Baba ba ya son a bar abinci." Ba ta ƙara ba. Ko a nan kare ka take yi.

Nauyinta ya koma kilo talatin da shida. Daktora ta ce in ya ƙara sauka za su kwantar da ita su sa mata robar abinci ta hanci, kuma zuciyar mai irin wannan rama tana iya tsayawa ba sallama. Ta ce ita za ta iya gaya wa Hanan sau ɗari cewa ba laifinta ba ne, amma ita ba ta tsakar gidan ranar.

Kai kana nan. Me ya faru?

Yayarka, Barakatu

*

Damazin, 30 ga Mayu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ki yafe jinkiri. Takarda uku na fara na yayyaga.

Talatar da ta wuce na zo Madani. Ban gaya wa kowa ba, ni na tuƙo kaina. Na zauna wurin mai shayi a tsallaken asibitin tun hantsi. Na gan ki kin fito riƙe da hannun wata, na ce a raina Yaya ta samu wata tsohuwa tana taimako. Sai na gane mayafin. Na Zainabu ne, mai ruwan zuma, ni na sayo shi. Ashe Hanan ce. Na biya shayin da ban sha ba, na juya mota. Ni da na ratsa daji da lori cikin damina ban ji tsoro ba, titi ɗaya ya gagare ni.

Ga abin da kika tambaya. Juma'a ce, makon ƙaramar Sallah. Ana ta harbi ta can gefen gari, maƙwabta suna wucewa da ƙunshi a ka. Zainabu ta ce, "Alhaji, mu naɗe abincin a zane mu ci a hanya." Na ce mata ba a taɓa tashi an bar abinci a siniyata ba, ba kuma za a fara yau don wasu suna harbe-harbe ba. Gaskiyar ita ce ban so maƙwabta su ga Abdussalami ya fita a guje kamar kowa. Samarin gidan suka haɗiye nasu suka hau mota. Hanan tana juya loma. Na nuna ta da yatsa na ce, "Ba mai tashi sai Hanan ta gama." Na fita ƙofar gida ina ɗaure igiyar kaya. Sai bam ya faɗo gidan maƙwabcinmu, ɓarɓashinsa ya tsallako katanga.

Wurin jana'iza wani ya tambaye ni, na ce tana haɗa kaya ne. Hanan tana bayan labule tana ji. Daga nan na ci gaba da faɗin haka har na kusa yarda. Na ɗauka in na yi shiru abin zai tsaya tsakanina da Allah. Ban san na sauke shi a kanta ba ne, sannan na aiko miki da rago.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun gaya mini, na kuma yarda. Amma bakin da ya ce a zauna nawa ne.

Ki gaya mata haka, ke kin fi ni iya magana.

Ƙanenki, Abdu

*

Wad Haddad, 5 ga Yuni

Abdu,

Na karanta, na yi kuka, na yi maka addu'a. Amma ba zan gaya mata ba. Na goya ka a gonar auduga, wannan kam da ƙafarka za ka zo. Yau an auna ta, ta rage rabin kilo.

Barakatu

*

Damazin, 8 ga Yuni

Zuwa ga ɗiyata Hanan,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. In Hausar ta yi miki wuya, Gwaggo ta karanta miki.

Ranar nan uwarki ta ce mu tafi. Ni na ce a zauna. Ke umarnina kika bi, ita ma haka. Ba jan abincinki ba ne, maganata ce, kuma na yi ƙarya a kanta kina ji. Ki yafe mini in kin iya, in ba ki iya ba yanzu, zan jira.

Talata zan zo Madani. Zan shiga ɗakin Daktora in sake faɗin wannan da bakina, da Hausa da Larabci, duk abin da ta tambaye ni zan amsa. Ba ɗauke ki zan zo yi ba.

Daga nan mu wuce gidan Gwaggo. In an kawo siniya, ki ci ko ki bari. Ki tashi lokacin da kika ga dama.

Babanki, Abdussalami