Ɗalibar da Ta Gaskata Littafin Tallan Jami'a

Ranka ya daɗe Dattijo Ma,

Ka taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa. Maigidana ya ce in ja bakina in riƙe aikina, ni kuwa shirun ne ya gagare ni.

Shekara goma sha tara ke nan ina koyar da ilimin ƙasa da harsashin gini a wata jami'a a nan Daegu. Shekara huɗu da suka wuce aka ce dole kowane malami ya koyar da darasi ɗaya da Turanci zalla, wai don sunan jami'a ya hau sama a jerin jami'o'in duniya. Ni da nake sa aji ya fashe da dariya a kan laka da yashi, sai na koma mai karanta allo kamar mai sanar da tashin jirgin ƙasa. A jarrabawar farko rabin ajin suka kasa lissafa nauyin da ƙasa za ta iya ɗauka. Su ne fa za su gina gidajen da jikokina za su kwana a ciki.

Sai wakilin ajin ya same ni ya ce, "Farfesa, ki ji tausayinmu. Ki yi mana minti goma na Turanci, mu ja ƙofa, ki koma Koriyancinmu, ki dawo mutum." Haka muke yi tun daga ranar. A ƙarshen zango, a takardar da ɗalibai ke auna malami, kowa ya rubuta cewa Turanci na yi ɗari bisa ɗari. Manya na gaya wa ƙanana, ba wanda ya taɓa tona mu.

Bana sai ga Nomin, 'yar Mongoliya. Littafin tallan jami'a ta karanta, ta ga an ce da Turanci ake darasina, ta taho. Koriyancinta bai wuce na sayen naɗin shinkafar nan, kimbap, ba. A gaba take zama, ta rubuta minti goman nan tsaf, sauran lokacin kuma ta zuba wa bakina ido. Makon jiya ta tsaya bayan an tashi, ta ce, "Farfesa, idan an rufe ƙofa, ni in riƙa fita ne?" Ba da gatse ta faɗa ba. Da ma gatsen ne.

In na koma Turanci, na zubar da yara arba'in da ɗaya. In na ci gaba, na cuci ɗaya, kuma ranar da ta rubuta gaskiya a takardar nan, kwantiragina da za a sabunta a Fabrairu ya tafi. Har yaran sun fara cewa za su "yi mata bayani". Na san irin bayanin.

Malama mai rufe ƙofa, Daegu

Ya ke Farfesa mai daraja,

Mun karanta wasiƙarki a zaune, muka sake karanta ta a tsaye saboda girman al'amarin. Wannan shafi ya raba rigimar surukai, ya sasanta maƙwabta a kan haushin kare a hawa na tara, amma bai taɓa karɓar ƙarar da duk wanda ke cikin ɗakin yake da gaskiya ba.

Ba ke kika ƙago ƙaryar nan ba. Manyan da suka gano cewa ƙasar Daegu za ta fi ɗaukar nauyi idan an yi mata magana da Turanci, su suka ƙago ta, suka buga ta a takarda mai sheƙi. Ke faci kika yi don kada gine-gine su rufta, kuma a madadin duk mai kwana a bene, muna godiya. Sai dai a jikin yarinya ɗaya kike ɗinka facin, wadda iyakar laifinta shi ne ta ɗauka jami'a na nufin abin da ta rubuta.

Gobe da safe ki kira wakilin ajinku na bana, ki sanar da shi cewa duk wanda ya "yi mata bayani" zai maimaita darasin baɗi. Ita kuma ki kai ta cin taliya, ki ba ta haƙuri da Turancinki yadda yake, ai ba sauraron waƙa ya kawo ta ba. Daga nan ki raba lokacin darasi a fili: rabi Turanci, lissafi a kan allo, rabi Koriyanci, sannan ki ware mata awa guda a ofishinki kowane mako. Ki rubuta wa shugaban tsangaya haka, da sakamakon waccan jarrabawar ta farko a haɗe, kafin wani ya riga ki. Takardar auna malami kuwa, kowa ya rubuta abin da kunnensa ya ji.

Ba za mu ruɗe ki ba, Fabrairu na iya zuwa miki da sanyi biyu. Jami'a takan yafe wa malamin da bai koyar da kome ba, amma da wuya ta yafe wa wanda ya ɓata mata alƙaluma. Idan suka yanke shawarar sallamarki, ki roƙi alfarma ɗaya cikin ladabi: kwamiti ya faɗa miki dalili baki da baki, da Turanci, ba takarda a hannu. A ƙiyasinmu, za ki kai shekarun ritaya kafin su kammala jimlar farko.

Muna yi miki fatan ƙarfin zuciya, ke da ɗalibanki arba'in da biyu.

Dattijo Ma Deok-su