Filin da Kuka Ce Babu Komai, Mijina Na Ciki

Zuwa ga shugaban kamfanin da ke zana taswirar garinmu a intanet.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya. Ni tsohuwa ce a Potiskum, karatuna na yaƙi da jahilci ne, ba zan yi maka dogon turanci ba.

Na ɗaya. Bayan Sallar layya 'yata Hajara ta nuna min taswirarku a wayarta. Ga kasuwar shanu, ga titin Fika, har gidan mai kun sa. Na ce ta kai ni tsohuwar maƙabarta ta bayan unguwarmu. Ta ja da yatsa, sai ga wuri fari fat. Wai fili ne, babu komai.

Mijina Malam Bukar na ciki, shekara sha ɗaya ke nan. 'Ya'yana uku na ciki, biyu ko yaye su ban yi ba.

Na biyu. An ce min ma'aikatanku ba su taka wurin ba, hoton sama suka duba a ofis suka zana. To me za a gani daga sama? Mu ba ma gina kabari da siminti, ba ma rubuta suna. Tudun ƙasa ne da fasasshiyar tukunya, damina biyu uku sai ya baje. Wurin ya cika, an daina binnewa, ciyawa ta rufe. Da ko mai sayar da itace na bakin hanya suka tambaya, da ya faɗa musu.

Na uku, shi ya sa na rubuto. Masu yanka fuloti sun zo da taswirarku, sun kafa turaku. Dattawan unguwa suka yi magana, aka nuna musu waya.

Ni mace ce, ba na shiga maƙabarta. A bakin hanya nake tsayawa in kalli wata aduwa, don an ce min a gindinta aka sa Malam, in yi addu'a in wuce. Satin da ya wuce na je, an sare aduwar. Na tsaya ban san inda zan kalla ba.

Ba kuka na zo yi maka ba. Ka turo mutum ya taka wurin da ƙafarsa, dattawa za su zaga da shi. Ku goge abin da kuka sa, ku rubuta maƙabarta, kafin a fara haƙa fandisho. Aduwa kam ta tafi, ban ce ku dawo da ita ba.

Allah ya ja kwananka, ya sa in naka lokacin ya zo, iyalinka su san inda za su tsaya.

Wassalam.

Iya Talatu, Potiskum