Ga-ruwan da Kika Haifa

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinki, ɗanki Habu ne daga Madina.

Yaya Sani ya bugo waya daga Damagaram. Ya ji ɗana, jikanki Anas, zai shiga ƙungiyar tseren keke, ya ce in hana shi, wai ga-ruwa ɗaya ya ishi gidanmu.

Sunan nan bai sake ni ba. Kin tuna ranar da aka nuno tserenmu na keke a talbijin, unguwa ta cika tsakar gidanki? Ba a gaba suka gan ni ba. Sun ga na koma wurin motar ƙungiya, na cusa gorunan ruwa cikin riga har wuya, na dawo ina rarraba wa abokai. Aka fashe da dariya: ashe ga-ruwa Habu ya tafi yi ƙasar waje! An ce ke kaɗai kika tambaya ko ni ma na samu na sha.

Yaya bai yi ƙarya ba, ban taɓa cin tsere ba. Aikina in kawo ruwa, in shiga gaban gwaninmu iska ta dake ni, shi ya huta a bayana, dab da ƙarshe in kauce ya wuce. Ya kuma cancanta, ƙafarsa ta fi tawa. Da gwiwata ta lalace, saƙon waya kawai suka sallame ni da shi. Wannan kam har yau yana ci na.

Amma kunya? Wallahi babu. Ke kika sa ni cika randar ƙofar gida kowace safiya, kina cewa, "Cika ta, Habu, ba sai sun san wanda ya cika ba."

Yanzu a filin jirgi nake, ina tura tsofaffin alhazai a keken guragu. Tsohuwa ta ce "moya", in miƙa mata ruwa ina tafiya, hannun bai manta ba. A garin nan ba a yi wa mai shayar da baƙo dariya.

Na sauko da kekena daga saman gidanmu na unguwar Bani Harisa, na daidaita wa Anas sirdi. Na yi masa bayani da Hausa, ya amsa da Larabci, amma ya gane: wataƙila ya ci, wataƙila ya ɗauki ruwa. Ko wanne ne, zan tsaya bakin titi in kira sunansa. Yaya ya yi ta fushinsa.

Allah ya shayar da ke daga Alkausara, Innata, yadda kika shayar da masu wucewa.

Ɗanki,
Habu Ga-ruwa