Na Ce wa Maƙwabciyata Ta Yi Ƙiba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Ya jikin Inna? Autanki ya fara tafiya kuwa? Mu lafiya lau. Maigidan yana wurin aiki har yamma, ni kuma ina ta maimaita littattafan soyayyar da kika cusa min a akwati. Kada ki damu, na fara sabawa da shirun gidan.

Sai dai na yi ɓarna. Maƙwabciyata, wata tsohuwar nas 'yar ƙasar nan, ita kaɗai nake hira da ita a benen nan. Da ta dawo daga hutu ta shigo wurina shan shayi, na ce mata, "Masha Allah, kin yi ƙiba!" Kin san mu, yabo ne, ashe a nan ba haka ba ne. Sai ta ajiye kofin shayi ta fita.

Na tambayi malamarmu ta ajin Turanci ko zaginta na yi. Ta ce a'a, "insult" sai da niyyar wulaƙanci. "Offend" shi ne ka faɗi abin da mutum yake ganin bai dace ba, ko da ba ka sani ba. "Hurt" kuwa, maganar ce ta shiga zuciya ta zauna. Ta ce in zaɓi kalmar da zan nemi gafara da ita.

A littattafai, Yaya, mai ɓata rai kullum da gangan yake yi. Ban taɓa karanta labarin irina ba.

"Hurt" na rubuta a takardar ban-haƙuri, na tura ta ƙarƙashin ƙofarta. Yau kwana uku ke nan. Ina jin motsinta a bayan bango. Rediyo ma na daina kunnawa, kar ta ƙwanƙwasa ban ji ba.

Ki sa ni a addu'a, ki gaishe min da Inna.

Ƙanwarki