Gambar gonar Uwaisu

Zuwa ga ƙanena Sabo,

Assalamu alaikum. Rabona da Kunci tun shekarar da aka canza kuɗi. Ya iyali, ya ciwon bayan matarka Kulu? Maƙwabcina ne ke rubuta mini. Lafiyata lau a Ikko, gadi dai ya fara cin gwiwa, amma ana lallaɓawa.

Na ji kun tuge gambar da ta raba gonar jikana Uwaisu da gandu, saboda fim ɗin da ya shirya na samari biyu masu son juna. Ya kai ni na kalla. 'Yan jarida sun yaba, wai har na ƙasar waje. A ɗakin kallo wasu sun tafa, wasu sun fice suna tsaki. A waya kuwa zagi har uwarsa marigayiya. Ni ma abin bai kwanta mini ba, na kuma faɗa masa ido da ido.

Amma Sabo, ni na yi wa yaron nan huɗuba, ni na dasa gambar ranar rabon gadon ubansa. Gonar maraya ce. Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Gobe da safe zan hau mota. Ka ajiye mini fartanya.

Yayanka,
Sama'ilu