Ɗinki Huɗu a Kunnen Koos

Deventer, Laraba

Zuwa ga Tjeerd, hasken idona, sanyin raina, ranar da ke leƙowa bayan an kwana goma ana yayyafi, itacen tuffana mai fure tun sanyi bai gama tafiya ba, mutumin da nake so har cikin ɓargo, wanda kuma da zan gan shi yau sai na kwaɗa masa kwanon abincin zomaye a ka!

Sau uku na karanta saƙonka. Wai, “Wataƙila akwai waɗanda ba za su iya zaman ɗaki ɗaya ba. Ko za ki ɗan jinkirta dawowa gidana?” Haba Tjeerd! Ni za ka rubuta wa wannan? Da wane hannun?

Ka manta sati shidan da muka yi a zaune a kan tayil ɗin banɗakin yayarka Marrit, don nan ne kaɗai babu warin zomanyarka Saar, babu na zomona Koos? Ni da safar hannu ta ɗauko burodi daga tanda, kai da abin kwashe shara, muna gadin wanda zai fara kai cizo. Gashin zomaye ya yi ta tashi, ƙafafuwanmu sun yi tsami, kullum sai mun musanya musu ciyawar kwanciya don kowa ya saba da warin ɗan'uwansa. Har ayaba ka shafa wa Koos a goshi, wai ko madam za ta yi kwaɗayi. Ranar da Saar ta miƙa wuya ta lashi goshin nan, wa ya fara kuka? Kai ne! Ka damƙe hannuna da safar a jiki ka ce, “Wietske, tunda waɗannan sun shirya, tattaro kayanki ki dawo gidana.” Na koma gida a kan keke, ana ruwa, ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya.

Abu ɗaya tak na roƙe ka da zan tafi aikin kwana uku a Zwolle: in ɗaya zai ga likita, su tafi tare a akwati ɗaya. Na faɗa, na maimaita, na rubuta na manna a jikin firij. Saar ta yi atishawa biyu, ka sungume ta ita kaɗai zuwa wurin likita, ta dawo tana warin magani da karnukan mutane. To me kake so Koos ya yi? Da hanci yake gane nasa, baƙuwa ya tarar a ɗakinsa. Suka cure wuri ɗaya, kunnensa ya tsage, ɗinki huɗu. Ga shi nan a wurina ya ba ni baya, ko ganyen karas ba ya kallo.

Wannan na yafe, masoyina. Tsoro ne ya sa ka, kuma wannan taushin zuciyar ne ya ja ni gare ka tun farko. Abin da ban yafe ba shi ne ka ɗauki kunnen bawan Allah ka laɓe a bayansa. Ƙarshen wata zan miƙa wa mai gidan da nake haya makulli, ka sani. Littattafaina suna cikin kwali, gadona na kyautar, a kan katifa nake kwana a ƙasa. Sannan ka ce in ɗan jinkirta? In jinkirta a ina, a ƙarƙashin gada?

Ka ɗauka ban gani ba? Na ga yadda fuskarka ta sauya ranar da na rataye rigar ruwana a ƙugiyarka. Na ga ka mayar da kofina can bayan kabad. Shekara goma sha ɗaya kana zaune kai kaɗai, ai dole. Amma kai ba zomo ba ne, Tjeerd, kana da baki!

Ya kai iskar tekun da ke wanke min kai, ya kai ɗumin ɗaki ranar ƙanƙara, raina a ɓace yake, kuma kewarka ta hana ni cin abinci. Duk biyun gaskiya ne, ka ji da su.

Na yi magana da Marrit. Asabar ƙarfe goma za ta ba mu banɗakin, mu koma rana ta farko. Ni zan kawo Koos. In zomaye ne matsalar, ka zo da Saar, za su shirya ko da wata uku ne. In kuwa kai ne, ka bar ta a gida, ka zo hannu rabbana, ka zauna a gabana ka ce, “Wietske, tsoro nake ji.” Na rantse zan nemi ɗaki, in jira ka shekara nawa ne, ba zan kalli wani ba. Amma in ka sake turo min saƙo da sunan zomo, ba ni da amsar da zan ba ka.

Taka, a fusace, yau da gobe da ranar da furfura za ta cika mana kai,

Wietske